Idan Suna Ya Sauya Ubangida, Ina Amana Take Kwana?

Ranar kasuwa a Sabon Gida, cikin gundumar Madawa, idan mace ta tsaya gaban mai sayar da man kaɗanya ba ta tambayar wata takarda. Takan lakato ɗan kaɗan ta murza a bayan hannu, ta shinshina, ta duba ko an cuɗa shi da kitse ko da wani mai. Sai dai abin da ya fi wannan gwaji nauyi a wurinta shi ne sanin wadda take sayarwa. Kaɗanya ba itacen wannan yanki ba ce. Man yakan fito ne daga kudu, ya biyo hannuwa da dama kafin ya iso. Mai saye ba ta ga inda aka tsinci ƙwarar ba, ba ta ga tukunyar da aka dafa ta ba. Fuska ɗaya ta sani, kuma ta san gidan da za ta je ta yi ƙorafi idan man ya canza wari kafin kasuwa ta zagayo.

A manyan kantunan Turai da Amurka babu wannan fuska. Sunan da aka buga a jikin kwalba shi ya maye gurbinta. Tun daga shekarun 1970 aka sami wasu ƴan kasuwa a can da suka ce kwalbarsu tana ɗauke da alkawari baya ga mai: ba a azabtar da dabba wajen gwada shi ba, ba a ci gumin manomi ba, ba a ɓata ƙasa da ruwa ba. Jama'a suka yarda, suka riƙa biyan kuɗi fiye da na sauran kaya saboda wannan alkawari. Da kasuwa ta buɗe musu, sai manyan kamfanonin da suka game duniya suka zo da dukiya suka saye su ɗaya bayan ɗaya. A nan ne tambayar ta taso: idan aka sayar da gidan ciniki tare da sunansa, shin amanar da aka san shi da ita tana cikin kayan da aka sayar? Tambayar ta shafi mai karatu na Madawa ko Buza ko Keita fiye da yadda zai yi zato, domin man da ke cikin waɗannan kwalabe gumin matan Afirka ta Yamma ne, kuma domin Bahaushe ɗan fatauci ya daɗe yana fama da irinta a cikin nasa gida.

Anita Roddick ta buɗe shagonta na farko, The Body Shop, a garin Brighton na Ingila a watan Maris na 1976, da kaya ƴan kaɗan a cikin ƙananan robobi waɗanda mai saye kan iya dawowa da su a sake cika masa. A 1987 ta fara wani tsari na sayen kaya kai tsaye daga ƙananan ƙungiyoyi a ƙasashe matalauta, bisa ra'ayin cewa ciniki na adalci ya fi sadaka amfani ga talaka. A ƙarƙashin wannan tsari ne, daga 1994, kamfanin ya fara sayen man kaɗanya daga ƙungiyar mata ta Tungteiya, a ƙauyukan da ke kewaye da Tamale a arewacin Gana, ƙasar da kowane ɗan kasuwar albasa na kwarin Tarka ya san hanyarta. Ban da kuɗin mai, akan biya wani ƙari da ake zubawa a asusun al'umma, wanda da shi aka haƙa rijiyoyi, aka gina azuzuwa da ɗakunan shan magani. Kamfanin bai tsaya nan ba. Ya tsoma baki a rikicin Ogoni na Nijeriya, ya fito fili yana sukar kamfanin mai na Shell, kafin rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas a watan Nuwamba na 1995 da kuma bayansa. A 1996 ya tara sa hannun mutane miliyan 4 don neman Turai ta hana gwada kayan kwalliya a kan dabbobi. Ita kanta Roddick ba mai ɓoye abin da ke cikinta ba ce: ta sha cewa manyan masu sayar da kayan kwalliya suna cin kuɗin mata ne ta hanyar sa su raina jikinsu.

Sai ga shi a watan Maris na 2006 an ba da sanarwar cewa L'Oréal na Faransa, babban kamfanin kayan kwalliya na duniya, ya sayi The Body Shop a kan fam miliyan 652, da shagunansa fiye da 2,000 a ƙasashe fiye da 50. Masu saye da yawa suka ji kamar an sayar da su ne tare da kantin. L'Oréal shi ne ainihin irin gidan da Roddick ta shekara talatin tana zagi. Bugu da ƙari, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarinsa a lokacin na kamfanin Nestlé ne, wanda tun 1977 ake ƙaurace wa kayansa saboda yadda yake tallar madarar gwangwani ta jarirai a ƙasashen da ba su da tsabtataccen ruwa. Mujallar Ethical Consumer, mai auna halayen kamfanoni, ta rage makin The Body Shop daga 11 zuwa 2.5 cikin 20, alhali ko sabulu ɗaya bai canza ba a kan kanta. Roddick ta kare kanta da misalin dokin katako na tatsuniyar Girkawa, wanda aka shigar cikin birni da mayaƙa a ɓoye a cikinsa: wai za ta shiga gidan L'Oréal ta gyara shi daga ciki. Ba ta sami lokacin gwada wannan dabara ba, domin ta rasu a watan Satumba na 2007.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a fara tantance abin da aka saya. Shaguna da injuna da kayan da ke cikin sito suna da kima sananniya, kuma ba su kai kusa da waɗannan miliyoyi ba. Ragowar kuɗin an biya shi ne don abin da masu lissafi suke rubutawa a littafinsu a matsayin kyakkyawan suna. To, mene ne kyakkyawan suna in ba yardar da wasu mutane suka ba ka ba? A nan ne maganar ta yi wuya, domin amana abu ne mai iyaye biyu. Akwai wanda ya riƙe ta, akwai kuma wanda ya bayar da ita. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin ajiya: wanda aka ba ajiya ba shi da ikon miƙa ta ga wani ba tare da izinin mai ita ko wani uzuri karɓaɓɓe ba, idan kuwa ya yi haka ta salwanta, shi zai biya. Matar da ke sayen mai a Landan ta ajiye yardarta ne a wurin Roddick. Ba a tambaye ta ba ranar da aka mayar da ajiyar wani gida. Saboda haka abin da L'Oréal ya iya saya shi ne sabo, wato ƙafar mai saye da ta riga ta saba da ƙofar wannan shago, wadda za ta ci gaba da zuwa har ranar da wani abu ya tsayar da ita.

Fatake sun san wannan bambanci tun kafin a ƙirƙiro kasuwar hannun jari. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma wallafa bincikensa a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu yake tafiya a can: mai shanu ya taso daga Arewa ya sauka gidan wani maigida, maigidan ya sayar wa mahauta bashi, shi ne kuma zai tsaya idan mahauci ya ƙi biya. Dukiya mai yawa takan wuce hannu babu takarda ko ɗaya, ƙarfin cinikin duka yana kan mutum guda. Shi kuma Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya nuna cewa arzikin alhaji iri biyu ne, na kuɗi da na mutane, kuma sau da yawa kasuwancin yakan wargaje idan mai shi ya rasu aka raba gado. Dalilin a fili yake. Alƙali yana iya raba gida da mota da kuɗi, amma ba ya iya raba wa magada barori da abokan ciniki. Ɗan maigida zai gaji zaure da ɗakunan baƙi, har da laƙabin mahaifinsa, amma mai shanu zai sauka sau ɗaya ya gwada shi, idan ya ga albasa ba ta yi halin ruwa ba, baɗi sai a gan shi a wani gida. Abin da ya sa wannan tsari yake da adalci shi ne mutuwar maigida ba ta ɓoyuwa. Kowa ya je ta'aziyya, kowa ya san an sauya hannu. Kwalba kuwa ba ta mutuwa a idon mai saye. Launinta da rubutunta suna nan kamar jiya, ko da gidan ya sauya ubangida sau huɗu.

Duk da haka, kuskure ne a ce ma'aikata ba ta iya riƙe hali bayan wanda ya kafa ta. Malaman makaranta sun fi kowa sanin haka. Akwai makarantar da shugabanta na farko ya bari shekara ashirin da suka wuce, amma har yau ana shiga aji a kan lokaci, ba a sayar da maki, domin ya bar ƙa'idoji a rubuce, ya kuma bar malaman da ya horar waɗanda za su ji kunyar karya su. Akwai kuma wadda ta rushe a shekarar da aka yi masa canjin wurin aiki. Idan aka auna The Body Shop da wannan ma'auni, adalci ya tilasta a faɗi cewa abubuwa da dama sun tsira a hannun L'Oréal. An ci gaba da sayen mai daga Tungteiya. An ci gaba da ƙin gwaji a kan dabbobi, har kamfanin ya ƙi buɗe shaguna a cikin ƙasar Sin a zamanin da dokarta take tilasta irin wannan gwaji ga kayan da aka shigo da su, ko da yake a 2014 an ga kayansa a shagunan filayen jiragen sama na can, aka yi surutu, aka janye su. A 2010 ya yanke hulɗa da Daabon, kamfanin Kolombiya da ke sayar masa da manja, bayan an zarge shi da hannu a korar manoma daga gonakin da suke nomawa. A wannan shekara kuma L'Oréal ya kafa nasa tsarin sayen kaya daga ƙananan ƙungiyoyi, ciki har da masu man kaɗanya na Burkina Faso. Masu kare Roddick suna iya cewa ga mayaƙan nan sun fito daga cikin doki.

Sai dai idan aka duba da kyau, abin da ya tsira shi ne abin da ake iya rubutawa a ƙirga: tan nawa aka saya, a kan nawa, wane gwaji aka yi, wane ne ba a yi ba. Abin da ya dushe shi ne baki. Kamfanin bai daina gangami ba. Tsakanin 2009 da 2012 ya yi wani babba a kan fataucin yara, aiki ne kuwa mai kyau. Amma mai fataucin yara abokin gaba ne wanda ba shi da lauya, ba shi da kujera a wata majalisa, babu wanda zai fito ya kare shi. Tsayawa gaban Shell a 1995 wani abu ne daban, domin faɗa ne da mai ƙarfi wanda zai iya ramawa. Irin wannan faɗa mai dukiya ne kaɗai yake iya yanke shawarar shigarsa, tun da shi zai ɗauki asara. Manajan da aka ɗauka aiki ba shi da wannan hurumi, domin dukiyar ta wasu ce, shi ma ajiya aka ba shi. Misalin da ya fi fito da wannan sarai ba na kayan kwalliya ba ne. Lokacin da Unilever ya sayi kamfanin askirim na Ben & Jerry's a 2000, waɗanda suka kafa shi sun sa sharaɗi a rubuce cewa wata majalisa mai zaman kanta za ta ci gaba da kula da manufofinsa na zamantakewa. Sharaɗin ya yi aiki shekara ashirin, har zuwa 2021 da majalisar ta ce ba za a ƙara sayar da kayan a yankunan Falasɗinawa da Isra'ila ta mamaye ba. A 2022 Unilever ya sayar da harkar ta can ga wakilinsa na Isra'ila, aka ci gaba da ciniki, magana ta kai kotu. A watan Satumba na 2025 Jerry Greenfield, ɗaya daga cikin mutum biyu da sunansu yake jikin kwalin, ya bar kamfanin yana cewa an toshe masa baki.

Akwai wata suka mai ƙarfi da ya wajaba a saurara. Mace a ƙauyen Tamale da ta karɓi kuɗinta cif-cif, ɗanta yana karatu a ajin da aka gina da ƙarin kuɗin mai, me ya dame ta da niyyar wani attajiri a Faransa? Ko don Allah ya yi, ko don talla, ruwan rijiyar ɗaya ne. Hasali ma babban kamfani yana iya sayen abin da ƙarami ba zai iya ba, saboda haka alheri kaɗan a hannun babba yana iya fin alheri mai yawa a hannun ƙarami. Wannan magana gaskiya ce a shekarar yalwa. Niyya ba ta canza ɗanɗanon ruwa, amma ita take nuna abin da mutum zai fara yankewa ranar da kasuwa ta juya baya. Wanda yake kirki domin kirki yana kawo riba ya ɗaura kirkinsa a ƙafar riba, duk inda ta je can zai bi ta. A 2017, da ciniki ya ja baya, L'Oréal ya sayar da The Body Shop ga Natura na Birazil a kan yuro biliyan 1. Natura gida ne da aka sani da kula da muhalli, kuma a hannunsa aka farfaɗo da wasu tsofaffin manufofi, amma bashi ya yi masa yawa, a ƙarshen 2023 ya sayar wa Aurelius, wani kamfanin Jamus mai sana'ar sayen kamfanonin da suka raunana, a kan fam miliyan 207. Cikin ƴan watanni, a Fabrairun 2024, reshen Ingila ya faɗa hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci, aka rufe shaguna fiye da 70, aka rufe na Amurka baki ɗaya. Jaridun Ingila suka ba da labarin ƙananan masu kawo kaya a ƙasashe matalauta waɗanda aka bari da hajar da suka tanada, ba su san ko za a karɓa ba. A watan Satumba na wannan shekara wani rukunin masu jari, Auréa, ya karɓi abin da ya rage.

A nan ma kada a mayar da wadda ta kafa gidan waliyiya. Tun 1994 wani ɗan jarida, Jon Entine, ya rubuta cewa kayan da ake saye ta hanyar adalci ɗan ƙaramin kaso ne na abin da kamfanin yake saye, tallar ta fi aikin girma. Sa'an nan kuma ainihin sayarwar ba a 2006 aka yi ta ba. An yi ta ne a 1984, ranar da aka kai kamfanin kasuwar hannun jari ta Landan, domin daga ranar ya zama na duk wanda ya biya, kuma masu hannun jari suna da haƙƙin karɓar tayin da ya fi tsoka. Roddick da kanta ta yi nadamar wannan mataki daga baya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abin da ya rage shi ne a tambaya ko ci gaba da ciniki da tsohon suna algus ne. Algus a kasuwar hatsi shi ne a sa busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Sabon ubangida zai ce bai ɓoye komai ba, an buga labarin cinikin a jaridu. Amma sunansa ba shi ne a gaban kwalba ba, kuma ba mantuwa ce ta sa haka ba. Kamfanin SheaMoisture misali ne da ya shafi Afirka kai tsaye. Richelieu Dennis, ɗan Laberiya, ya fara sayar da sabulu da man kaɗanya a bakin titi a unguwar Harlem ta Amurka a farkon shekarun 1990, yana danganta sana'ar da kakarsa Sofi Tucker wadda ta yi irinta a Saliyo. Baƙaƙen matan Amurka suka rungume shi a matsayin nasu, mai girmama fatarsu da gashinsu. A watan Nuwamba na 2017 Unilever ya saye shi, tare da alkawarin asusun dalar Amurka miliyan 50 don tallafa wa mata baƙaƙe masu sana'a. Alkawari ne mai kyau. Sai dai a daidai lokacin wannan Unilever ɗin yana sayar da man haskaka fata mai suna Fair & Lovely a Asiya, wanda sai a 2020 aka sauya masa suna. Aljihu ɗaya ke nan yake karɓar kuɗin wadda aka ce wa ta yi alfahari da launinta da kuɗin wadda aka ce wa ta wanke shi. Ga yankin da man bilicin ya riga ya ɓata fuskokin ƴan mata da yawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. (Unilever kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kamfanin Lever Brothers, wanda daga baya ya zama Unilever, shi ya sayi Niger Company a 1920, daga nan aka sami UAC a 1929, wanda ya shekara da shekaru yana kwasar gyaɗar Kano.) Idan ba a kira wannan algus ba, to ya yi kusa da shi ƙwarai, domin an bar mai saye da tunanin da aka san ba daidai ba ne, an kuma ci riba da shi.

Manoman albasa na jihar Tawa sun taɓa ɗanɗana wani ɓangare na wannan darasi. A ƙarshen shekarun 2000 aka gano cewa wani kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, ya nemi takardar mallakar irin albasa da sunan Galmi a hukumar OAPI da ke Yawunde. Manoma da gwamnatin Nijar suka ƙi, kamfanin ya janye daga sunan ya raɗa wa irinsa wani. Abin da ya ceci sunan Galmi shi ne ba na mutum ɗaya ba ne da za a kira shi ɗaki a yi masa tayi. Yana manne da ƙasa da dubban gidaje, daga Galmi zuwa fadamun Tarka, kuma babu wanda yake da ikon sa hannu a madadinsu duka. Irin wannan tunani ne ya haifar da waƙafi a shari'ar Musulunci: dukiyar da aka tsayar, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta kawai ake ci bisa sharaɗin wanda ya tsayar da ita. Abin sha'awa, a watan Satumba na 2022 Yvon Chouinard, mai kamfanin tufafi na Patagonia a Amurka, ya yi kusan haka: ya miƙa ikon kamfanin ga wata majalisar amintattu, ribarsa kuma ga wata ƙungiyar kare muhalli, domin kada wani ya saye shi bayan ransa. Waƙafi ma yana da nasa ciwo, tarihi cike yake da masu kula da suka cinye abin da aka ba su tsaro. Amma aƙalla ya rufe ƙofar da aka shiga ta ita a 2006.

Ƙungiyoyin mata da na matasa a Madawa da Buza da Keita suna da abin da masu kayan kwalliya na waje suke nema: man aduwa, zogale, ƙaron dakwara, ƴaƴan dogon yaro irin wanda aka jera a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska. Ranar da mai saye ya zo da kyakkyawan suna da hotunan rijiyoyin da ya haƙa a wata ƙasa, ba laifi a yarda da shi, mai yiwuwa da gaske yake. Tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce abin da zai faru da yarjejeniyar idan aka sayar da shi, da kuma ko masu kawo kaya suna da murya a ranar. Akwai misali a cikin tarihin wannan gida da kansa. A 1998 The Body Shop yana cikin waɗanda suka taimaka wa ƙungiyar manoman koko ta Kuapa Kokoo a Gana ta kafa kamfanin cakulan a Ingila, wanda aka sani da Divine, manoman suna da hannun jari a ciki tun ranar farko. A 2006, shekarar da L'Oréal ya saye shi, The Body Shop ya ba manoman nasa kason kyauta, rabonsu ya kai kusan kashi 45 cikin 100. Shi ma Divine bai tsira daga sayarwa ba: a 2020 kamfanin Weinrich na Jamus ya sayi mafi yawan hannun jarinsa. Amma Kuapa Kokoo ta fita daga cinikin da kashi 20 cikin 100 da kujera a majalisar gudanarwa. Matan Tungteiya kuwa, waɗanda hotunansu suka yi shekaru suna ƙawata shaguna a Turai, masu kawo kaya ne kawai, ba su da hannun jari. Tsakanin 2006 da 2024 gidan da suke sayar wa mai ya sauya ubangida sau huɗu, kuma babu takardar ciniki ko ɗaya daga cikin huɗun da ta bukaci sa hannunsu.